Allon magani na ratayawa da asun da ke saƙa a kan waken soya

Tambaya: Wata huɗu ke nan da na zuba waken soya a rumbun ƙarfe. Makon jiya da na ɗaga murfin sama sai na ga wasu ƙananan ƙwari masu fiffike suna tashi, saman waken kuma ya yi yana kamar ta gizo-gizo. An ba ni shawara in sayi maganin nan na roba da ake ratayawa. Zai kashe su? Guda nawa zan rataya, kuma ba zai ɓata mini waken ba?

Malam, zai kashe waɗanda ka gani suna tashi. Waɗanda suka saƙa maka yanar kuwa, ko gezau ba za su yi ba, domin suna can ƙasa tsakanin ƙwayoyin wake, inda tururin maganin ba ya isa. Idan ka rataya shi ka juya ka tafi, ka kashe maciji ne ba ka sare kansa ba. Ka saye shi, yana da amfani, amma akwai aikin da ke gabansa, kuma wannan aikin na hannu ne.

Daga yadda ka kwatanta, kusan tabbas asun hatsi ne wanda masana ke kira Plodia interpunctella. Kama ɗaya ka ɗora shi a kan farar takarda ka duba. Idan ya naɗe fiffikensa bai kai santimita ɗaya cikakke ba a tsayi, fiffiken kuma launi biyu ne: wajen kai toka-toka mai haske, sauran kashi biyu cikin uku ja-ja mai ƙyalli kamar jan ƙarfe. Idan ka ga launin toka ne gaba ɗaya babu wannan rabuwar, to ɗan'uwansa ne Cadra cautella, wanda ya fi yawa a wurare masu zafi da laima. Halinsu ɗaya, maganinsu ɗaya, don haka kada bambancin ya dame ka. 

Wannan mai tashin ba ya cin wake. Ba shi ma da bakin da zai tauna. Mako ɗaya ko biyu yake yi a duniya, aikinsa barbara da zuba ƙwai. Macen tana zuba ƙwai daga 100 har zuwa 400 a kan saman hatsi, yawanci da almuru ko cikin dare, shi ya sa idan ka leƙa da tsakar rana sai ka ga tsiraru manne a jikin rufi, ka zaci abin bai yi yawa ba. A cikin zafi ƙwan yana ƙyanƙyashewa bayan 'yan kwanaki, tsutsa ta fito. Ita ce ɓarauniyar. Fara ce mai ɗan surkin ruwan hoda ko kore, kanta ruwan ƙasa, idan ta girma tana kaiwa milimita 12. Duk inda ta bi sai ta bar zare, zaren ya haɗe wake da kashinta da fatar da ta saɓule, ya zama wannan yanar da ka gani. Idan ta ƙoshi sai ta bar abincin ta hau bango, ta nemi tsaga ko gindin ƙusa ko bakin murfi, ta naɗe kanta a cikin saƙa, daga nan ta fito da fiffike. Idan zafin rumbu yana wajen digiri 28 zuwa 30, zagayen nan duka wata ɗaya ne da 'yan kwanaki. Wata huɗun da ka ambata ya isa a ce jikoki ne kake kallo.

Wani abin da zai kwantar maka da hankali: waken soya ba abincin da ƙwarin ajiya suke rububi ba ne. Ƙwarin da ke huda masara da alkama ba su cika samun yadda suke so a jikinsa ba, kuma ita kanta tsutsar asu lafiyayyen wake mai cikakken ɓawo yana ba ta wahala. Abin da ke ciyar da ita shi ne fasasshen wake da tsaki da ƙura da ɓawon da ya ɓare. Ba ta kuma nutsawa can ciki. Yawancin ɓarnarta a santimita 10 zuwa 15 na sama take. Asarar nauyi kaɗan ce. Asarar gaske tana zuwa ne ta wata hanya: yanar tana toshe saman waken, iska ta kasa ratsawa, danshi ya taru a ƙarƙashi, fumfuna ta kama, wurin ya ɗau zafi. Wake ne mai maiƙo, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa mai ne, idan ya ɗau zafi man yana lalacewa, waken ya canja launi da wari. Mai saye kuma da ya cusa hannu ya ji dunƙule-dunƙule, ko ya ga tsutsa mai rai, ciniki ya sauya. Idan na iri ne abin ya fi ciwo, don tsutsar ta fi son idon waken, wurin da tsiro ke fitowa.

Shi allon, roba ce da aka jiƙa da maganin ƙwari mai suna dikulobos, wanda za ka ga an rubuta DDVP a jikin kwalinsa, kimanin kashi 20 cikin ɗari na nauyin allon. Yana cikin dangin oganofosfet, masu rikita jijiyoyin ƙwaro har ya sandare. Abin da ya bambanta shi da 'yan'uwansa shi ne saurin zama tururi. Robar tana sakin sa kaɗan-kaɗan dare da rana, sai iskar da ke tsakanin saman wake da rufin rumbu ta zama guba ga duk abin da ke tashi a cikinta. Iyakarsa ke nan. Tururin ba shi da ƙarfin ratsa tulin hatsi, ba ya kai wa ga tsutsar da ta lulluɓa da yana, kuma ba za a dogara da shi a kan ƙwan da aka riga aka zuba ba. Mai gadin ƙofa ne. Shi ya sa lokacinsa na gaskiya shi ne ranar da aka gama zuba wake aka daidaita samansa, ko kuma farkon shigowar zafi, tun kafin a ga asu ko ɗaya.

Batun guda nawa, ba buhu ake ƙirgawa ba, ba tan ba. Iskar da ke saman waken ake aunawa. Ƙa'idar da aka saba ita ce babban allo ɗaya ga kowace ƙafa 1,000 ta kubik, wato kimanin kubik mita 28 na sarari. Ɗauki rumbu mai faɗin mita 6, wanda waken ya tsaya saura mita 1 ya kai bakin bango, rufinsa mai tsini kuma ya tashi mita 1.5. Filin da'irar saman waken ya kama murabba'in mita 28 da ɗan ɗoriya. Sararin da ke tsakanin wake da bakin bango kubik mita 28 ke nan. Na cikin tsinin rufi kuwa, sai ka ninka 28 da 1.5 ka raba uku, ka sami 14. Jimla 42. Allo ɗaya da rabi ya kama, kuma ba a yanka allo, sai ka rataya biyu. Ka lura da abin da mutane ke mantawa: duk lokacin da ka kwashi wake ta ƙasa, sararin sama yana ƙaruwa. Rumbun da allo biyu suka ishe shi yana cike, idan ya koma rabi zai iya neman biyar. Allunan kuma girma-girma ne, akwai ƙanana da aka yi don akwati ko ƙaramin kabad, saboda haka abin da ke rubuce a jikin kwalin da ka saya shi ne hukunci, ya fi lissafina.

Rataya su da waya daga ƙarfen rufi, su yi lilo a tsakiyar iska, kada su taɓa wake, kada su manne da bango. Idan biyu ne ko fiye, raba su, kada ka cure su wuri ɗaya don sun fi sauƙin kaiwa daga bakin murfi. Ni nakan ɗaure igiya mai tsayi a jikin kowanne in kafe bakinta a wajen murfi, don ranar canji in jawo shi daga waje ba sai na shiga ba. Rubuta kwanan watan da ka rataya a jikin murfin da fenti ko alli. Kwali yana cewa wata uku zuwa huɗu, amma zafi yana sa robar ta saki maganin da sauri, laima kuma tana rusa shi, don haka a lokacin zafi kada ka jira na huɗun. Allon da ya ƙare kamanninsa ɗaya da sabo, ido ba ya gane shi.

Sai maganar iska, wadda a nan ne yawancin masu cewa maganin jabu ne suke faɗuwa. Na taɓa zuwa duba wani rumbu da mai shi ya rantse an sayar masa da na bogi. Allo uku ya rataya, lissafinsa daidai, amma asu na ta shawagi a gefensu. Da na ɗaga kai sai na hango hasken rana zagaye da bakin rufin, ratar da za ka zura yatsu huɗu, ga kuma fanka tana aiki kullum da dare. Iskar da fanka ke turowa daga ƙasa tana fita ta sama ta tafi da tururin gaba ɗaya, da safe allon ya fara tara wani daga farko. Zuba ruwa a kwando ne. Ba ina cewa a daina kunna fanka ba, sanyaya wake ya fi allon muhimmanci nesa ba kusa ba. Sai dai ka san cewa duk daren da fanka ta yi aiki, mai gadinka yana hutu, kuma daren ne lokacin da asu ke zuba ƙwai. Idan ka gama sanyayawa ka kashe ta, rufe bakinta, toshe manyan ratoci, ka sa raga mai ƙananan idanu a mashigar iskar sama don na waje su daina shigowa.

Yanzu ga abin da za ka yi da rumbunka yadda yake. Kafin komai, yanar nan sai ta fita. Buɗe murfi iska ta shiga, ka sa abin rufe hanci da baki, ka ɗauki manjagara da shebur ka kwashe duk inda ya dunƙule, har sai hannunka ya shiga wake mai zuba sako-sako. Abin da ka kwaso kada ka jibge shi a gindin rumbu, tsutsar za ta hau bango ta koma. Kai shi nesa, ka tankaɗe, ka shanya a rana mai zafi a baje siriri, ka rabu da shi da wuri. Dattin da ya fita a ƙone ko a binne. Share jikin bango da rufi da tsintsiya mai tauri, musamman gindin ƙusoshi da haɗin kwano, inda suke naɗewa.

Kalma ɗaya game da shiga rumbu, don shigar ta kashe mutane da yawa. Idan an taɓa kwasar wake ta ƙasa bayan saman ya yi ɓawo, zai yiwu akwai rami a ƙarƙashin ɓawon. Ka taka, ya burme, wake ya rufe ka cikin daƙiƙoƙi. Kada ka shiga ana kwasa, kada ka shiga kai kaɗai, ɗaura igiya, a sami mutum tsaye a bakin murfi, kuma ka fara caka doguwar sanda daga waje.

Bayan kwashewa, tsutsar da ta rage tana buƙatar abin da zai same ta inda take. Wanda ya fi dacewa da waken soya shi ne maganin ƙwayar bakteriya da ake kira Bt, wato Bacillus thuringiensis, nau'in kurstaki. Tsutsa ce ke ci, ya lalata mata ciki, ta daina cin abinci ta mutu. Ba ya taɓa mai fiffike, ba ya kashe ƙwari masu tauri irin na buzuzu. Ana fesa shi ko a barbaɗa a saman wake, a cuɗanya da manjagara har zurfin santimita 10. Yana aiki, amma ba laya ba ne: tun 1985 wani masani a Amurka, William McGaughey, ya nuna cewa wannan asun yana iya sabawa da Bt cikin 'yan zuriyoyi kaɗan idan kullum shi ake ba shi. Malatiyon kuma, wanda aka daɗe ana zubawa a hatsi, asun ya daɗe da raina shi a wurare da yawa. Wani abin lura: maganin da aka amince a cuɗa da masara ko alkama ba lallai an amince da shi a waken soya ba, domin maiƙon waken yana riƙe magani. Idan ba ka ga sunan waken soya a jikin kwali ba, ajiye shi.

Sai a sa'an nan ka rataya allunanka. Kada ka karaya idan bayan mako biyu ka ga asu yana nan. Waɗanda suka riga suka naɗe a tsagogi za su ci gaba da fitowa, tsere ne tsakaninsu da tururin: ya kashe su kafin su zuba ƙwai, ko su riga shi. Ba shi mako shida. Abin da kake so ka gani shi ne gawarwaki a saman wake, da rashin sabuwar yana.

Idan kuwa ka cusa bututun ɗibar samfur can ƙasa da rabin mita ka tarar da ƙwari masu rai, ko ka ji wani wuri ya ɗau zafi, to maganar ta wuce allo. Ko dai a juye waken a tankaɗe shi a sauya masa rumbu, ko a turara shi da fosfin. Ƙwayar fosfin mai giram 3 tana sakin giram 1 na iskar guba, ita kam tana ratsa tulin hatsi har ƙasa, amma sai rumbu ya rufu ruf na aƙalla kwana 7 kafin ta gama da ƙwai da masu naɗe. A rumbu mai yoyo, manyan kawai take kashewa, ta bar maka masu taurin kai su hayayyafa. Iska ce mai kisan mutum, aikin wanda ya sami horo da lasisi ne. Kuma ranar da aka buɗe ta fice, babu sauran kariya. Washegari asu zai iya dawowa. A nan ne allon ke da ranarsa sosai, a matsayin mai tsaron bayan turare.

Mai ajiya a buhu cikin sito shi ma zai tambaya. Lissafin ɗaya ne, tsawo sau faɗi sau tsayi: ɗaki mai mita 5 da 4 da 3 kubik mita 60 ne, allo biyu ko uku. Amma gaskiya ban cika ba da wannan shawarar ba. Sito ana buɗe shi kullum, mutane suna shiga su daɗe, tururin kuma ba ya shiga tsakanin buhunan da aka jibge. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ba ya shan iska, irin wanda Jami'ar Purdue ta ƙirƙiro, ya fi masa: ƙwarin da kansu suke shanye iskar da ke ciki su mutu, ba tare da ɗigon magani ba, muddin waken ya bushe sosai kafin a ɗaure. Wanda kuma nasa 'yan kilo ne na gida, firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na mako ɗaya ta gama da komai, har ƙwai.

Ka tambaya ko zai ɓata maka wake. Idan an rataya shi yadda aka ce, bai taɓa waken ba, a ƙasar da doka ta yarda da wannan amfanin, abin da ke sauka a kan wake kaɗan ne kuma yana saurin rushewa. Amma dokar ba ɗaya ba ce ko'ina. Amurka ta yarda da shi a sararin saman rumbu. Tarayyar Turai ta janye amincewa da dikulobos a kan amfanin gona a 2007, ta kuma hana shi a maganin ƙwarin gida a 2012, iyakar abin da take yarda a samu a jikin abinci kuwa miligiram 0.01 ne a kilo, wato kusan babu. Idan wakenka na fitarwa waje ne, ko na kamfanin da ke gwaji, ko an yi maka rajistar noma marar sinadari, tambayi mai sayenka kafin ka rataya.

Abin da nake roƙonka da shi, kada wani ya ce maka ai na ruwan ya fi arha kuma sinadarin ɗaya ne, ka yayyafa a kan wake ko ka jiƙa tsumma ka cusa a buhu. Sinadarin ɗaya ne, gaskiya, amma robar an yi ta ne don ta riƙa sakin ɗan kaɗan cikin watanni, na kwalba kuwa a take yake zuba gaba ɗaya, a jikin abin da mutum ko dabba za ta ci. Shi kansa allon ba abin wasa ba ne. A Amurka kwalinsa yana hana rataya shi a inda mutane ke zama fiye da awa huɗu a rana, ba a ɗakin kwana ba, ba a kicin ba. Sa safar hannu lokacin buɗe ledarsa, ka buɗe a waje, ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama. Kafin ka shiga rumbun da ke da allo, jawo su waje ka bar iska ta ratsa. Alamomin ya taɓa mutum su ne ciwon kai, jiri, yawan miyau da gumi, tashin zuciya, ƙirji ya ɗaure, ƙwayar ido ta tsuke ta zama ƙarama. Wanda ya ji haka a fitar da shi iska, a cire masa tufafin da ya sa, a kai shi asibiti tare da kwalin. Likita na ganin sunan zai san allurar atirofin ce ake bukata. Tsohon allo kuma a naɗe shi a jefar yadda kwali ya ce, kada a ƙone, kada a bar shi inda yaro zai ɗauka.

Tunda za ka buɗe rumbun, auna danshin waken daga sama da kuma tsakiya. Kashi 13 cikin ɗari yana iya kai ka wata shida a wuri mai sanyi; idan zai ratsa zafi ko zai shekara, kashi 11 ake nema. Idan kana inda dare ke sanyi, yi amfani da fanka ka saukar da zafin waken, domin ƙasa da digiri 15 asun kusan tsayawa yake cak. Ka kuma sami tarkon nan mai danƙo da ƙamshin macen asu, wanda ke jawo maza su manne. Ba zai rage maka su ba, amma shi ne zai gaya maka gaskiyar ko allon yana aiki. Rataya ɗaya kusa da murfi, ka riƙa ƙirgawa duk mako kana rubutawa a jikin bango kusa da kwanan watan allon. Idan a mako na shida adadin bai sauka ba, hau sama da rana tsaka, ka jawo allunan waje iska ta ratsa, ka shiga ka rufe murfin a bayanka na ɗan lokaci da wani tsaye a waje, ka duba ta ina haske ke shigowa.